Bebiyar Ranar Laraba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran tunanina, da lokacin da na mayar da kaina bebiya a birnin New York. Ni fa! Ni da tun ina yarinya a Fagge Innarmu take ce mini Rediyo, ni da idan na ɗauko labari sai an tura mini kwanon tuwo gabana sannan mutanen gida suke samun sararin cewa wani abu. To ni ɗin ce na yi wata da watanni duk ranar Laraba bakina a ɗinke, ina nuna kunne ina girgiza kai. Kada ku yi saurin dariya, ku bari ku ji abin da ya kai ni.

A lokacin kitso nake yi a shagon Hajiya Rabi, wata mutuniyar Maraɗi, a unguwar Morris Heights, kusa da gadar jirgin ƙasan nan mai lamba huɗu da idan ya wuce sai madubanmu sun yi rawa. Bizata ta daɗe da ƙarewa. Mijina kuwa, Baban Ilham, an riga an mayar da shi gida. Huluna da tabarau yake sayarwa a tebur a bakin titi, sai wani mutum mai fara'a ya riƙa tsayawa wurinsa yana sayen ɗan abu, yana tambayarsa labarin gida: wane gari, yaushe ya zo, yara nawa. Baban Ilham har lemo yake saya masa, yana ce mini ya yi aboki. Wata safiya abokin ya zo da abokan aikinsa na hukumar shige da fice, suka tafi da shi. Teburin ma wani maƙwabcinsa ne ya kawo mini da yamma.

Saura ni da Ilham. Ita a nan aka haife ta, 'yar ƙasa ce, ni ba 'yar ƙasa ba ce. Abin da ke hana ni sakat kenan. Kullum sai na hango ta tsaye a ƙofar makaranta da 'yar jakarta, iyayen kowa sun zo sun ɗauke shi, ita tana leƙen hanya, ni kuma ina bayan wata mota an rufe. Idan wannan tunanin ya zo mini, ko kibiyar kitso ba na iya riƙewa.

Ana cikin haka wata ranar Laraba wata tsohuwar Baturiya ta turo ƙofar shagon. Gajera ce, gashinta fari fat an yanke shi ƙwal kamar na namiji, takalminta shimfiɗaɗɗe, da jakar yadi a kafaɗa. Ina ganin kan nan na ce a raina, wannan dai ba kitso ya kawo ta ba, don ko aljani ba zai kama wannan gashin ba. Ta gaisa da Hajiya, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana murmushi. Da ta iso kaina sai ta ce da Turanci, cikin taushin murya, "Yaya sunanki? Daga wace ƙasa kika zo?"

Tambayoyin nan sak irin waɗanda aka yi wa Baban Ilham, har da fara'ar. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na nuna kunnena, na nuna bakina, na girgiza kai.

Hajiya Rabi ta saki baki tana kallona. Na ƙura mata ido irin na don Allah don Annabi. Sai ta haɗiyi yawu ta ce wa Baturiyar, "Wannan ba ta ji."

Baturiyar na fita Hajiya ta yo kaina. "Ke, mi ya same ki? Malamar jami'a ce fa, farfesa! Bincike takai kan mata masu aikin hannu, yadda muke zama, yadda muke taimakon juna. Littafi za ta rubuta."

Na ce, "Hajiya, dama ɗan shige da fice zai zo da kaki ne ya ce ga ni na zo? Littafi! Littafin da za a rubuta sunayenmu a ciki a miƙa ko?"

"Ta ce ba ta sa sunan kowa."

"Shi ma wancan lemo yake sha."

Hajiya ta tafa hannu ta ce ita dai ba ruwanta, amma tunda ta riga ta yi ƙarya saboda ni sau ɗaya, sai in san yadda zan riƙe kayana. Na ce sau ɗaya ce ai, ba za ta dawo ba. (Allah sarki ni. Ban san irin aikin mutanen nan ba.)

Ashe shi wannan karatun nasu na nazarin zaman jama'a, zama ne aikin. Ba tambaya ɗaya za su yi su tafi ba. Zuwa za su yi su tare, su zauna, su yi ta kallo har ku manta da su. Duk Laraba sai ga ta, har muka sa mata suna Laraba. Ta zauna a kujerar jira, ta taya mu ware gashin doki, ta share ƙasa idan Hajiya ba ta gani ba, ta ci shinkafa da miyar gyaɗa da hannu tana hawaye saboda yaji. Kafin ka ce me, kowa ya saki jiki da ita, sai ni.

Ku zo ku ga azaba. A yi ta hira a kaina, a kawo labarin da ni na fi kowa saninsa, a ɓata shi a gabana, ba damar in gyara. In yi ta kumbura kamar ƙullin fanke. Masu zuwa kitso da suka san ni sai su shigo da "Ke Rediyo, yau kuma lafiya?" Hajiya ta yi wuf ta ƙifta musu ido ta ja su gefe. Idan wayata ta yi ƙara a aljihu in daskare kamar ba tawa ba. Idan jirgi ya wuce kowa ya toshe kunne, ni in yi fuskar wadda ba ta san ana yi ba. Da Laraba ta fita kuwa, sai in buɗe baki in yi ta zuba har a rufe shago, ina rama bashin yini.

Abin da ya ƙara tsorata ni, ni ta fi kulawa. Na yi zaton shirun zai kore ta, ashe shi ke jawo ta. Kullum kujerarta sai ta matso kusa da tawa. Ta riƙa yi mini wasu alamu da yatsu, da sauri, gwanin kyau, ni kuma in yi murmushin yaƙe in sunkuyar da kai a kan kitso. Na ce a raina, lallai matar nan an horar da ita, har yaren kurame aka koya mata don kada kowa ya tsira.

A bakin hirarta da Hajiya na ji tarihinta, ina kitso ina yin kamar bango. Wai a wani ƙaramin gari mai masaƙu ta tashi. Ita ce ta farko a danginsu da ta taka jami'a, kuma a zamanin malamanta maza suka ce mata mace mai goyo ba ta gama digirin ƙoli, ta koma gida ta yi raino. Ta gama, da goyon a hannu. Ta fara da binciken mata masu ɗinki a ma'aikatu, ta koma kan masu rainon 'ya'yan masu kuɗi, ta koma kan masu goge ofisoshi, tun kafin a haife ni take wannan yawon. Sau biyu ana hana ta ƙarin girma wai aikinta hirar mata ce ba ilimi ba. Yanzu ritaya za ta yi, mu ne littafinta na ƙarshe. Ta kuma sha faɗa wa matan shagon cewa a jami'arsu akwai malaman shari'a da ɗalibansu da ke duba matsalar takardu kyauta, duk mai so ta raka ta. Biyu daga cikinmu suka bi ta. Ni kuwa na ce to, an zo wurin, yanzu kuma da ƙafarmu ake so mu kai kanmu.

Wata rana aka watse cin abinci, ya rage daga ni sai ita. Ina tsefe wani kan roba da muke gwaji da shi, don dai kada mu haɗa ido. Sai ta fara magana a hankali, ba ni take kallo ba, taga take kallo.

"Na san ba kya ji na," in ji ta. "Haka nake yi wa mahaifiyata. Kurma ce. A jirgin ruwa ta zo ƙasar nan tana budurwa, ta ƙare rayuwarta a kan keken ɗinki. Babu wanda ya taɓa tambayarta me take tunani, har ni. Na yi yawo na tambayi mata ba iyaka, ita kaɗai ce ban tambaya ba, sai da ta mutu na lura."

Wallahi saura kaɗan in fashe da kuka. Kurma ba ta kukan maganar da ba ta ji ba, saboda haka na danne, na yi ta caka wa kan robar nan kibiya. Kuma duk da haka (ku ji irin taurin kaina) wata zuciyar tana ce mini, dabara ce, so take ki yi hawaye ta kama ki.

Sai ranar da Allah Ya tashi tona mini asiri.

Shago cike, ina yi wa wata 'yar Ghana kalaba, na jona butar lantarki don in tsoma jelar kitson a ruwan zafi idan na gama. Ƙofa ta buɗe, Laraba ta shigo fuskarta kamar an yi mata albishir. A bayanta wata mata ce doguwa, da atamfa da gyale, ɗaurin ɗankwalinta kaɗai ya gaya mini Bakanuwa ce.

Laraba ta ce wa Hajiya, "Na gane inda matsalar take. Alamun da nake yi mata na nan ƙasar ne, ba irin nasu ba ne. Na yi ta cigiya a masallatai har na samo wannan baiwar Allah a unguwar Jamaica ta nan birnin. Sunanta Uwani, daga Kano take, kurma ce tun tana ƙarama. Yau dai 'yar'uwarmu za ta sami wadda za ta yi hira da ita."

Hajiya Rabi ta ce, "La'ilaha illallahu," ta shige banɗaki. (Har yau ban yafe mata wannan gudun ba.)

Uwani ta tsaya a gabana. Ban taɓa ganin murna a fuskar mutum irin wannan ba. Daga baya na ji cewa a wani otal kusa da filin jirgi take aikin ninke zannuwan gado, ta ɗauki hutun yini guda ta hawo jiragen ƙasa biyu, don tunda ta zo ƙasar nan ba ta haɗu da Bahaushiya mai maganar hannu ba. Ta ɗaga hannuwanta ta fara. Yatsu suna tashi, gira tana motsi, ta dafa ƙirji, ta nuna ni, ta jira.

Gumi ya karyo mini ta ko'ina. Kowa ya zuba mini ido. Idan na tsaya ƙiƙam an gane, idan na yi magana an gane. Sai na ɗaga nawa hannuwan. Jama'a, ban san me na ce ba. Na yi kamar ina tuƙa tuwo. Na nuna sama. Na yi kamar ina iyo, na tafa sau biyu, na kuma dafa kai. 'Yar Ghanan da ke ƙarƙashin hannuna tana kallona ta madubi, kafaɗunta suna rawa.

Murmushin Uwani ya fara ja da baya. Ta sake yin wata alamar, a hankali, irin yadda ake yi wa yaro. Na sake tuƙa tuwo.

Daidai nan butar da ke bayana ta yi ƙaras, ruwa ya tafasa. Ni kuwa, uwar iya aiki, na waiwaya.

Waiwayen bai fi ƙiftawar ido ba, amma a kan idon Uwani. Ta dubi butar, ta dube ni, ta dubi kunnena. Fuskarta ta rufe ruf. Ta juya wajen Laraba ta ɗaga hannu za ta yi mata bayani. Na ce shi ke nan. Ga ƙaryar takardu, ga ƙaryar kurumta. Na dubi agogon bango, an kusa tashin su Ilham, na fara tunanin wa zai je ya ɗauko ta, wa zai gaya mata.

Laraba ta ja da baya don ta ga hannun Uwani da kyau. Ƙafarta ta harɗe da wayar na'urar busar da gashi da ke kwance a ƙasa. Sai ji muka yi tim! Tsohuwa ta zube, tabarau ya yi gefe, jaka ta yi gefe.

"Wayyo Allah! Sannu! Sannu Mama! Innalillahi, sannu! Hajiya, fito ki kawo ruwa! Sau nawa zan ce a daina barin wayar nan a ƙasa, sai ta kashe mutum za ku ji? Sannu, kin ji? Kada ki motsa!"

Ni ce nan. Da ƙarfi kuwa, yadda na saba, har na wajen titi sun ji. Ban tsaya nan ba, na durƙusa na tallafo kanta na juye zuwa Turancina mai gurɓi-gurɓi, ina tambayarta ina ke ciwo, ƙugu ne ko gwiwa, a kira motar asibiti? Sai da na kai tsakiyar tambaya ta uku na ji shagon ya yi tsit. Ko jirgin bai wuce ba ya rufa mini asiri.

Ku gaya mini, wace Bahaushiya ce tsohuwa za ta faɗi a gabanta ta iya riƙe sannu? Na riƙe labarai, na riƙe gulma, na riƙe amsa waya, amma wannan ba daga kaina take fitowa ba, a jini take.

Laraba tana zaune a ƙasa, ta lalubo tabaraunta ta saka, ta ƙare mini kallo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da na ga ba ta tsage ba sai na fashe da kuka na kama ƙafarta. Na ce ta yi wa Allah kada ta sa a tafi da ni, ina da yarinya ƙarama, an riga an ɗauke ubanta, ba ta da kowa. Na faɗi abin da na yi watanni ina ɓoyewa, duka, a numfashi ɗaya, a gaban kowa.

Sai ta ce, "Kenan kin ji abin da na faɗa a kan mahaifiyata?"

Na ce, "Na ji, Mama."

Ta gyaɗa kai. "To, gara da wani ya ji." Sai ta fara dariya, tana riƙe da ƙugu tana cije leɓe don ciwo. Ta ce a tsawon aikinta an yi mata ƙaryar rashin jin Turanci, an yi mata ƙaryar barci, wata ma ta aiko a ce ta mutu, amma ni ce bebiyarta ta farko. Da dariyar ta lafa sai ta riƙe hannuna. "Ni ba na kama kowa, ban kuma taɓa ba wa hukuma sunan kowa ba. Kin san abin da ya sa na nemo Uwani? Duk matan shagon nan sun ji maganar lauyoyin nan. Ke kaɗai na ga saƙon bai kai gare ki ba, na kasa barci a kan haka."

Wannan ta fi mari zafi. Amma da saura, don Uwani tana tsaye. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tako har inda nake durƙushe, ta kama kunnena na dama, wanda na yi ta nunawa ina cewa ba ya aiki, ta murɗe shi yadda Innarmu take yi. Ta saki, ta gyara gyalenta, ta fita. Wannan maganar hannun ban nemi mai fassara ba.

Sai da na yi sawu uku zuwa Jamaica, da dambun nama da kayan kitsona, kafin Uwani ta yarda ta kalle ni. Yanzu aminiyata ce, ita ke koya mini maganar hannu ta gaskiya, ta kuma sa mini suna: ta kai hannu kusa da kunne ta yi kamar tana murɗa rediyo. Ban taɓa gaya mata sunan da Inna take kira na ba, da ido ta gane.

Laraba da kanta ta raka ni wurin lauyoyin, tana ɗingishi. Wadda ta karɓi maganata ta duba takarduna ta ɗago ta ce, "Da kin ƙara jinkiri kaɗan da ƙofar da doka ta bar miki ta rufe. Me ya hana ki zuwa tun tuni?" Na dubi Laraba, Laraba ta dubi silin. Ranar ce kaɗai a rayuwata na rasa abin cewa da gaske. Shari'ar ba ta ƙare ba har yanzu, amma ina da takardar izinin aiki, kuma idan na je ɗauko Ilham ba na waige-waige.

Littafin ya fito bayan ta yi ritaya. Ta canza mini suna da gari kamar yadda ta yi alkawari, sai dai duk wanda ya taɓa shiga shagon Hajiya Rabi ya san wace ce matar da ta tuƙa tuwo a iska. Ilham ce ta karanta mini shafin, tana yi tana faɗuwa ƙasa don dariya.

Abin da na koya? Tsoro bai iya tantance fuska ba. Ya sa na yi watanni ina ɓuya daga mutum ɗaya tilo da ke nemana da alheri a duk faɗin garin nan, saura ƙiris in yi shirun da zai raba ni da 'yata. Sannan idan har ya zama dole ki yi ƙaryar bebantaka, 'yar'uwa, ki fara naɗe wayoyin da ke ƙasa tukuna.